An kusa ɗura wa Hajiyarmu kemo da tsohon awo

Maman Ilham (Anguwan Rogo):
Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutu, tun jiya abin yake cina a rai ko barcin kirki ban yi ba. Kun san Hajiyarmu tana karɓar kemo, wato maganin kansa mai ƙarfi da ake ɗura mata ta jijiya, saboda kansar mama, jiya ne zagaye na huɗu. Da ma duk bayan sati uku ya kamata a yi amma sau biyu ana ɗagawa, ɗaya jininta ya yi ƙasa ɗaya kuma kuɗin magani ne bai haɗu ba, shi ya sa daga na farko zuwa jiya an doshi wata huɗu.

To mun je da sassafe cikin sanyin nan, an duba gwajin jini an ce ya yi, aka ce mu zauna za a haɗo magani. Ina zaune ina kallonta sai ta ɗaga hannu za ta gyara mayafi, awarwaron da a da sai an shafa sabulu yake fita ya zame har gwiwar hannu. Nan gabana ya faɗi, don na tuna ranar farko likita ya ce mana da nauyinta da tsawonta ake lissafa maganin, kuma ni dai ban ga an ɗora ta a sikeli ba. Na leƙa takardar da ke saman fayil na ga 71, awon ranar farko kenan.

Wlh sai da na yi kusan minti goma ina shawara da zuciyata kafin na buɗe baki, kun san yadda mutum yake tsoron kar a ce ya cika iyayi. Na ce Sista dan Allah yau ba a auna ta ba. Ta ce sikelinsu ya lalace tun wancan satin kuma ai likita ya riga ya rubuta. Na koma na zauna jiki a sanyaye. Allah Ya kawo wata babbar nas dattijuwa tana wucewa ta ji mu, ta tsaya ta ƙare wa Hajiya kallo, ta ce a turo ta a keke zuwa wani ɗakin da ke da sikeli. 59. Kilo 12 ya tafi. Nan take ta kira likita aka sake lissafi aka rage magani, ba mu bar asibiti ba sai bayan la'asar.

Abin da nake so masu sani su gaya mini, da ban yi magana ba me zai faru? Kuma mu masu jinya me da me ya kamata mu riƙa sa wa ido, don ni jiya sa'a kawai aka yi na kalli hannunta.

Ummi Farin Gada:
Innalillahi. Sannu Anti, Allah Ya ba Hajiya lafiya Ya sa kaffara ne. Jikina har ya yi sanyi

Baban Sadiq Gangare:
Wane asibiti ne? Ki faɗi suna kowa ya sani. Irin wannan sakacin ne yake kashe mana mutane a ce kwana ne ya ƙare. Sikeli fa! Nawa ake sayar da sikeli a kasuwar Terminus?

Maman Ilham (Anguwan Rogo):
A'a Baban Sadiq ba zan faɗi suna ba, ba tonon asiri na zo yi ba. A wurin ne kuma aka samu wadda ta tsaya mana. Ni so nake mu ƙaru.

Famasis na Bukuru:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham kin yi abin da ya dace, Allah Ya saka miki. Bari in yi bayani dalla-dalla, sunayen magunguna kuma zan rubuta su yadda suke a jikin kwalba don in kun gani ku gane.

Kemo ba kamar maganin zazzaɓi ba ne da za a ce babba ƙwaya biyu yaro ɗaya. Yawancinsa da faɗin jikin mutum ake lissafawa, shi kuma faɗin jiki daga tsawo da nauyi ake fitar da shi. Hanyar da muka fi amfani da ita: a ninka tsawo a santimita da nauyi a kilo, a raba da 3600, sannan a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan amsar. A ce tsawon Hajiya 158 ne. Da kilo 71 faɗin jikinta kusan 1.77, da kilo 59 kuma 1.61. In wanda aka fi ba masu kansar mama a farko ake ba ta, wato jan nan mai kamar zoɓo doxorubicin tare da cyclophosphamide, ana ba da miligiram 60 na jan a kan kowane 1 na faɗin jiki. Kenan da tsohon awo kusan 106 za a ɗura mata, alhali kusan 97 ne nata. Ɗayan kuma kusan 1060 maimakon 965.

Gaskiya zan faɗa, ba na so in tsorata ki fiye da kima. Wannan ƙarin kusan kashi 10 cikin 100 ne, ba irin wanda mutum zai faɗi nan take ba ne. Amma ga tsohuwar da ta rame haka kuma jininta ya taɓa yin ƙasa har aka ɗaga mata zagaye, ƙarin zai iya danne mata ɓargo sosai, fararen ƙwayoyin jini su faɗi, baki ya yi gyambo ta kasa cin abinci, wata cuta ta samu ƙofa. Ƙa'ida ita ce a auna mutum duk ranar da zai karɓa, in nauyi ya canza da kamar kashi 10 cikin 100 dole a sake lissafi. Nata ya kusa kashi 17.

Kawu Direba:
To ni dai a ganina duk abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Mu da ba mu yi boko mai zurfi ba ina mu ina gyara wa likita aiki? Kar garin neman gira a rasa ido, ka yi magana su ɗauke ka mai raini su yi watsi da mara lafiyarka.

Malam na Dilimi:
Kawu ƙaddara gaskiya ce babu mai ja, amma wanda ya tambayi Manzon Allah SAW ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Tambayar da baiwar Allah nan ta yi ɗaure raƙumi ne. Kuma uwa amana ce a hannunta.

Sista Rikkos:
Ni nas ce, shekarata 14 a aiki, na ɗan yi a ɗakin kemo kafin a canza ni. Baban Sadiq na ji zafinka amma bari in gaya maka yadda ranar kemo take. Mutum ashirin da wani abu a kan kujeru da benci, mu biyu wani lokacin uku, rabin waɗanda muka fara aiki tare sun tafi Ingila da Saudiyya. Wannan yana amai, wancan jijiyarsa ta ɓace saboda sanyin Jos sai ka yi ta nema, waya tana ƙara, 'yan'uwan mara lafiya biyar suna kanka kowa da tambayarsa, kai kuma kana riƙe da sirinji kana lissafi a ka. Ba ina kare waccan ba ne, amsar da ta bayar ba daidai ba ce, lalacewar sikeli ba hujja ba ce tunda akwai wani a asibitin. Amma in aka ce duk matsalar mutum ɗaya ce mara imani, an kore ta gobe wata za ta zo ta tarar da sikelin nan a lalace ta yi abin da waccan ta yi.

Kawu kuma dan Allah ka cire wannan tsoron. Wlh sau biyu mai jinya yana tsare ni daga kuskure. Ɗaya ba zan manta ba, mata biyu suna ɗaya sunan uba ɗaya, kun san mu da sunayenmu, suna zaune kusa da juna. Na ɗauko ledar ruwa na kira suna wata ta amsa, har na rataya, sai 'yarta ta ce Anti na Mama kullum ja ake fara sa mata wannan kuma fari ne. Na duba lambar kati, ta ɗayar ce. Gwiwata sai da ta yi sanyi. Tun ranar ba na kiran suna in jira a ce na'am, cewa nake baiwar Allah faɗa mini cikakken sunanki, sannan in haɗa da lambar kati da ke jikin leda.

Baban Sadiq Gangare:
To Sista ke kin rubuta rahoton abin da ya faru ranar? Ko shiru kika yi tunda Allah Ya rufa asiri?

Sista Rikkos:
Shiru na yi. Kuma har yau yana damuna. Na san in na rubuta kweri za a ba ni a sa a fayil ɗina, babu wanda zai ce to mu zauna mu ga me ya sa aka jera masu suna ɗaya wuri ɗaya ba tare da wata alama ba. Abin da na iya yi kawai na sayi jan maka da kuɗina ina zagaye sunan duk lokacin da aka samu biyu. Amma da na bar ɗakin shikenan, wadda ta gaje ni ba ta san labarin ba.

Dakta (ɗan Nasarawa Gwom, yanzu a Ingila):
Sista na gode da wannan gaskiyar, ba kowa zai faɗa ba. Kuma abin da kika faɗa shi ne zuciyar maganar. Kar wani ya ɗauka a Najeriya kaɗai ake irin wannan, manyan darussan da ake koyar da mu daga asibitocin da suka fi kowa kayan aiki suka fito.

A Disamba 1994 wata 'yar jarida mai suna Betsy Lehman, wadda ita kanta labaran lafiya take rubutawa a jaridar Boston Globe, ta rasu a cibiyar kansa ta Dana-Farber a Amurka tana da shekara 39. Kansar mama ce da ita. An rubuta adadin cyclophosphamide na kwana huɗu a dunƙule ta yadda za a iya karanta shi iri biyu, sai aka riƙa ba ta jimillar kwana huɗun a kowace rana. Ninki huɗu. Takardar ta bi ta hannun likita da masu haɗa magani da nas nas, kowa ya ɗauka na gabansa ya duba, kuma sai bayan kusan wata biyu da rasuwarta aka gano, lokacin da ake shigar da bayanai.

A 2006 a Edmonton ta Kanada, wata mata aka sa mata fluorouracil a ƙaramin famfo da zai riƙa tura maganin a hankali cikin kwana huɗu, aka yi kuskuren saita shi ya juye duka cikin awa huɗu. Ita ma ta rasu bayan kusan sati uku.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne vincristine, wanda ake yawan ba yara masu kansar jini. A jijiya kaɗai ake ba da shi. To su waɗannan yaran akwai wani maganin daban da ake yi musu ta ƙashin baya cikin ruwan laka, sau da yawa a rana ɗaya. In aka kawo sirinji biyu a faranti ɗaya hannu ya ɗauki vincristine aka tura a baya, kusan babu mai tsira, jiki yake shanyewa daga ƙafa zuwa sama. Ya faru da wani yaro ɗan shekara 18 a Nottingham nan Ingila a 2001, alhali cutar tasa ma ta lafa. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi ta ce daga 1968 an kai rahoton irin wannan sau 55, ta ce a daina zuba vincristine a sirinji, a riƙa sa shi a ƙaramar ledar ƙarin ruwa. Ku lura da hikimar. Ba cewa aka yi likitoci ku ƙara kula ba, don an sha faɗin haka bai hana ba. Canza mazubin aka yi, tunda babu wanda zai ɗauki ledar ruwa ya nufi bayan yaro da ita.

Shi ya sa Baban Sadiq, da a kori mutum ɗaya gara a sa doka cewa famasi ba zai haɗa magani ba sai ya ga awon ranar da kwanan wata a jikin takarda.

Baban Sadiq Gangare:
Dakta na ji kuma na ƙaru. Amma ni har yanzu ina kan bakana ta wani ɓangaren. Ku can in an yi kuskure ana kiran iyali a gaya musu, a nan fa? Ƙanina ya rasu shekara uku kenan, bayan zagaye na biyu bakinsa ya ɗaye gaba ɗaya ko ruwa ba ya wucewa, kwana tara ya yi. Har yau ban san ko maganin ne ya yi yawa ko haka cutar take ba, da na nemi ganin fayil kallon da aka yi mini kamar na zagi wani. Ba kuɗi nake nema ba, sani kawai nake so in yi.

Dakta (ɗan Nasarawa Gwom, yanzu a Ingila):
Allah Ya jiƙansa Ya sa Aljanna ce makoma. Ba zan iya cewa kuskure ne ko ba kuskure ba tunda ban ga takardunsa ba, gyambon baki mai tsanani yana faruwa ko da an ba da daidai. Amma haƙƙinka ne a zaunar da kai a yi maka bayani, ba alfarma ba ce. A 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙin marasa lafiya, Osinbajo ne ma ya ƙaddamar lokacin yana mataimakin shugaban ƙasa, kuma a ciki akwai haƙƙin a yi wa mutum bayanin cutarsa da maganinsa da harshen da yake ji. Asibitocin gwamnatin tarayya suna da teburin SERVICOM na kai koke, in abin ya shafi likita kuma akwai MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitoci a Najeriya.

Mama Ladi Tudun Wada:
Sannunku da hira, tun ɗazu ina karantawa. Baban Sadiq Allah Ya ba ku haƙuri. Ni na gama nawa kemo shekara biyu kenan, godiya ga Ubangiji ina nan da raina. Abin da zan ƙara shi ne na gida, don kowa yana maganar asibiti amma ni a ɗakina na kusa yi wa kaina illa. An ba ni ƙwayoyi capecitabine, safe da yamma bayan cin abinci, kwana 14 sai a huta kwana 7. Da baki aka gaya mini ranar kuma kaina yana juyawa ban riƙe ba. Da kwana 14 suka cika na ga sauran ƙwayoyi a kwali sai na ci gaba da sha, a tunanina ai ba a barin magani a rabi. Kwana uku na ƙara, tafin hannuna da ƙafata suka yi ja suna zafi kamar na taka garwashi, ga gudawa. Ɗana ne ya kira asibiti aka ce in tsaya maza. Daga nan ya samo kalandar coci ya zagaye ranakun sha da baƙi na hutu da ja ya manna a ƙofar ɗakina.

Famasis na Bukuru:
Mama Ladi sannu, wannan yana faruwa sosai. Kemo na ƙwaya kemo ne, ba don ana haɗiya da ruwa ya zama mai sauƙi ba. In an manta ba a sha ba ko an yi amai kar a ninka na gaba, a kira a tambaya. Akwai kuma methotrexate na ƙwaya, sau da yawa sau ɗaya a SATI ake shansa, mutane sun mutu a ƙasashe da dama saboda sun sha kullum. Duk wanda aka ba shi ya sa a rubuta masa sunan ranar a jikin kwali, Talata ko Laraba, ba "sau ɗaya" kawai ba. Kuma mai shan methotrexate ya kiyayi Septrin da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen sai da sanin likitansa, suna ƙara masa dafi a jiki. Na san da yawa cikinmu in jiki ya yi ciwo kemis ɗin bakin layi ake aikawa.

Ta ɓangarenmu ma'aikata, sunayen magungunan nan suna kama da juna kamar 'yan biyu. Vincristine da vinblastine, cisplatin da carboplatin, doxorubicin da daunorubicin. Carboplatin ana ba da ɗaruruwan miligiram, in aka ba da cisplatin da wannan adadin ƙoda ta tafi. Shi ya sa ba a so a taƙaita suna a takarda, a rubuta shi cikakke. Haka lamba, in ka rubuta 1.0 ɗigon bai fito ba ya zama 10, in ka rubuta .5 babu sifili a gaba ya zama 5. Kuma mutum biyu ne ya kamata su yi lissafin kowa shi kaɗai sannan a gwada amsa, ba ɗaya ya karanta ɗaya ya gyaɗa kai ba.

Ummi Farin Gada:
Famasis dan Allah tambaya, mu ana rubuta mana mu je waje mu sayo maganin don wani lokacin babu a asibiti, yayana yake sayowa ya sako a aljihu ya hau keke napep ya kawo, wani lokacin ma kwana biyu kafin ranar don kar kuɗin ya shiga wani abu. Akwai matsala?

Famasis na Bukuru:
Ƙanwata akwai fa. Wasu ba ruwansu da firij amma wasu kamar vincristine da trastuzumab sai a sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kar sanyin Jos ya ruɗe ku, aljihu ba firij ba ne, kuma firij ɗin da NEPA take ɗauke wa wuta awa goma shi ma ba firij ba ne. Ki tambayi mai sayarwa wannan na sanyi ne? In ya ce eh a sa a ƙaramar kula da ƙanƙara, amma a naɗe kwalin kar ya manne da ƙanƙarar ya daskare, daskarewa ma tana lalata shi. In da hali a kai famasin asibiti su ajiye.

Sannan inda ake saye. NAFDAC ta sha fitar da gargaɗi kan jabun magungunan kansa, musamman masu tsadar nan. In an ce maka ga wani a rabin kuɗi ta WhatsApp ka ji tsoro. A 2022 a Yaman yara masu kansar jini sun mutu a Sana'a bayan an yi musu allurar methotrexate da ta gurɓata da ƙwayoyin cuta, ta bayan fage maganin ya shiga ƙasar. A saya a famasi mai rajista, a karɓi rasit, a ɗauki hoton kwalin ta inda lambar rukuni da ranar lalacewa suke kafin a miƙa wa nas. In wani abu ya faru wannan hoton ne shaida.

Kawu Direba:
To na ji. Amma fa ku faɗi gaskiya talaka tsada ce take kai shi wurin mai araha, ba son ransa ba ne.

Sista Rikkos:
Haka ne Kawu babu musu. Akwai asusun tallafin masu kansa na gwamnatin tarayya da ya shafi kansar mama da ta bakin mahaifa da ta prostate da ke kama maza, Asibitin Ƙasa na Abuja yana cikin inda aka fara shi, a tambayi ofishin walwala na asibiti ko ana yi a wurinsu da yadda ake shiga.

Maman Ilham ga abin da zan ce ki riƙa yi, ba sai kin iya lissafin Famasis ba. Ki samu littafi ɗaya na Hajiya kaɗai. Duk zuwa ki rubuta kwanan wata, nauyinta, sunan kowane magani da adadinsa, kalarsa, da tsawon lokacin da ruwan ya ɗauka. In yau kin ga abin da ya saɓa da na baya, leda uku maimakon biyu, ko ruwan da yake awa uku yau yana gudu zai ƙare a rabin awa, ki tambaya kafin a ci gaba. Wataƙila likita ne ya canza da gangan, to sai a gaya miki. Kafin a rataya leda ki karanta sunan da lambar kati da idonki.

Lokacin da jan nan yake shiga kuma ki zauna kusa da hannun. In ta ce wurin allurar yana mata zafi ko raɗaɗi ko kin ga ya kumbura, ki kira nas da ƙarfi a tsayar, kar ki zare da kanki. In ya zubo a ƙarƙashin fata yana cin nama ne, na ga hannun da sai da aka yi masa aiki. Matsalar iyayenmu kunya da dauriya, Hajiya za ta ji zafi ta yi shiru tana salati don kar ta dami mutane, sai kin riƙa tambayarta. Fitsari ya yi ja kwana ɗaya ko biyu bayan jan magani wannan ba komai, kalar maganin ce.

Dakta (ɗan Nasarawa Gwom, yanzu a Ingila):
In ƙara biyu a kan na Sista. Littafin nan yana da wani amfanin, doxorubicin yana da iyakar da mutum zai karɓa a duk rayuwarsa saboda yana raunana zuciya, wajen miligiram 450 zuwa 550 a kan kowane 1 na faɗin jiki. Zagaye huɗu irin na Hajiya 240 kenan, tana cikin iyaka. Amma mutanenmu suna fara magani a Jos, a tura su Abuja ko Zariya don gashi, wato ƙona kansar da na'ura, wani ya koma wani asibitin bayan shekara biyu babu takarda ko ɗaya a hannunsa, sabon likita bai san nawa aka riga aka ba shi ba.

Na biyu kuma Maman Ilham wannan na kwanakin nan ne. Daga kwana 7 zuwa 14 bayan kemo lokacin ne fararen ƙwayoyin jini suke faɗuwa ƙasa. Ki sayi ma'aunin zafin jiki. In ya kai 38 ko tana rawar sanyi, ko ƙarfe biyun dare ne ku tafi asibiti ku ce tana kan kemo, ana so a fara mata maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya. Kar a ce maleriya ce a aika kemis, kar a ba ta farasitamol a rufe zazzaɓin a jira gari ya waye. Kuma duk wani jiƙo ko garin magani da 'yan dubiya suka kawo a nuna wa likita kafin ta sha, hanta da ƙodar da za su tace shi su ne suke fama da kemo.

Maman Ilham (Anguwan Rogo):
Dakta kamar kana gidanmu, yanzu haka akwai galan biyu na jiƙo a ƙarƙashin gadonta da ƙanwarta ta kawo daga ƙauye, ban san ko ta fara sha ba, zan tambaye ta cikin dabara don ba ta so a ce an raina na 'yar'uwarta. Na gode ƙwarai jama'a Allah Ya bar zumunci. Na aiki Ilham ta sayo littafi mai bango mai kauri, na rubuta na jiya tun ban manta ba, 59 da kwanan wata, sauran ukun na baya zan roƙi dattijuwar nan ta buɗe mini fayil in kwafa. An ce zagaye na gaba wani maganin daban za a koma, Famasis in na samu sunan zan turo maka ka gaya mini abin da zan sa wa ido.

Baban Sadiq maganar sikeli da ka yi ta tsaya mini a rai. Da za mu haɗa kuɗi a nan mu sayi ɗaya mu kai ɗakin?

Baban Sadiq Gangare:
Ni zan saya, ladan ya je wa ƙanina. Sista wane iri ne ya dace, mai batir ko mai allura?

Sista Rikkos:
Mai batir ya fi nuna daidai amma ka haɗa da batir na ajiya, kuma ka tabbata a kilo yake ba a fam ba don wasu suna zuwa a saite a fam, mai kilo 59 sai ya nuna 130. Ku miƙa wa shugabar ɗakin hannu da hannu ta rubuta shi a littafin kayansu.

Baban Sadiq Gangare:
To gobe in na fito kasuwa. Maman Ilham ki turo mini ta gefe ranar da za ku koma sai mu shiga tare.